Haɗi uku da monita ɗaya: nazarin wani sayen furosesa da katin hoto

A ƙarshen shekarar 2024 ɗan ƙanwata ya turo mini hotunan talla guda uku. Kowanne haɗi ne na furosesa (ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta) da katin hoto (mai zana abin da ke bayyana a allo) da ake sayarwa tare a kan kuɗi ɗaya, da alkawarin rangwame ga wanda ya ɗauki biyun a haɗe. A ƙarƙashin hotunan ya rubuta: "Kawu, na farkon zan ɗauka, i7 ne. Ka duba mini kawai." Ya riga ya yanke shawararsa, sa hannu yake nema daga wurina.

Haɗin farko Intel Core i7-13700K ne da GeForce RTX 4060 mai ma'ajiyar 8GB. Na biyu Ryzen 5 7600 ne da Radeon RX 7800 XT mai 16GB, kuma kuɗinsa da na farkon kusan kunnen doki ne. Na uku ya fi su sauƙi nesa ba kusa ba: Ryzen 5 5500 sabuwa da GeForce RTX 3080 mai 10GB wanda aka riga aka yi amfani da shi.

Kwamfutar da yake da ita ta kwana biyu. Ryzen 5 2600 ce ta shekarar 2018 a kan madabod (babban faifan da ake ɗora duk sassan kwamfuta) na B450, da RAM (ma'ajiyar aikin kwamfuta ta wucin gadi) na DDR4 mai 16GB, da katin GTX 1660 Super, da akwatin wuta mai wat 550. Ta yi masa hidima shekaru ba tare da ƙorafi ba, har ranar da ya sayi sabuwar monita mai 2560×1440 wadda ke iya nuna hoto 144 a sakan ɗaya. Tun daga ranar wasanninsa suka fara jan ƙafa. Wannan monitar, wadda bai ma ambace ta a saƙonsa ba, ita ce ta yanke kusan duk hukuncin da ya biyo baya.

Abin da aka fara aunawa

Kafin mu taɓa maganar haɗin, na tambaye shi wasannin da yake bugawa da gaske, waɗanda ke cin darensa. Guda biyu ne suka fi yawa: Counter-Strike 2 tare da abokansa, da Cyberpunk 2077 idan yana shi kaɗai. Ba ya tace bidiyo, ba ya zanen gine-gine, ba ya watsa wasansa kai tsaye. Waɗannan wasanni biyu kuwa kowanne da inda yake matsa wa kwamfuta.

Kowane hoto da ya bayyana a monita aikin hannu biyu ne a jere. Furosesa ce ke farawa: ta lissafa inda kowane abokin gaba yake, inda harsashi ya nufa, motar da ta yi karo, taron mutanen da ke kai da kawowa a titi, sannan ta miƙa wa katin hoto umarnin abin da zai zana. Katin ya zana, ya tura wa monita. In ana son hoto 60 a sakan, dole a gama kowanne cikin milisakan 16.7. In 144 ake so, lokacin ya ragu zuwa milisakan 6.9. Duk wanda ya makara a cikin biyun shi ke yanke yawan hotunan da za a gani, ɗayan kuma ya zauna jira, kuma kuɗin da aka zuba a kan mai zaman jiran ba ya ƙara ko hoto ɗaya.

Girman monita kuwa kati yake dannewa. Allon 1920×1080 yana da ɗigo 2,073,600, na 2560×1440 yana da 3,686,400, ƙarin kusan kashi 78 cikin ɗari. Lissafin da furosesa ke yi na inda harsashi ya nufa bai canza ba don an ƙara ɗigo. Nauyin gaba ɗaya a wuyan kati ya sauka.

Na sa shi ya yi gwaji mai sauƙi a tsohuwar kwamfutar. Ya buɗe MSI Afterburner don ya riƙa ganin yawan hotuna da yadda katin ke aiki a gefen allo, ya shiga Cyberpunk a 1440, sannan ya sauke zuwa 720 bai taɓa komai ba. Hotunan suka yi tsalle sama, alamar cewa katin ne ya gaji. Amma da ya shiga tsakiyar birnin wasan inda jama'a suka yi cincirindo, tashin ya tsaya a wani mataki ya ƙi wucewa, katin kuma ya daina aiki da cikakken ƙarfinsa. A Counter-Strike 2 sauke girman bai kawo wani canjin a-zo-a-gani ba. Nan furosesar ce ta gaji. To, duka biyun suna buƙatar canji, sai dai ba daidai wa daida ba: a kan wannan monita katin ne babban mara lafiya.

Haɗin farko

Core i7-13700K furosesa ce mai ƙarfi, ban yi masa musu a kan haka ba. Ta fito a Oktoban 2022 da kawuna 16, wato sassan da kowanne ke lissafinsa daban, takwas manya takwas ƙanana. Mai tace bidiyo ko mai haɗa manhajoji zai ci moriyar kowane kai. Wasanni kuwa mafi yawansu ba sa iya raba aikinsu ga kawuna masu yawa haka. Abin da suka fi so shi ne 'yan kawuna masu sauri da ma'ajiyar kusa mai girma, wato wadda ke cikin furosesar kanta.

Sai na nuna masa inda kuɗin haɗin ya taru. Intel ta sa wa 13700K dala 409 lokacin fitowarta, Nvidia kuma ta sa wa RTX 4060 dala 299 a Yunin 2023. Fiye da rabin kuɗin ke nan ya tafi ga ɓangaren da zai riƙa zaman jira a monitarsa. RTX 4060 kati ne mai kyau a inda aka yi shi domin ya zauna, wato 1080. Wat 115 kacal yake ci, ba ya zafi, ba ya hayaniya. Amma hanyar da ke tsakaninsa da ma'ajiyarsa mai faɗin bit 128 ce, ma'ajiyar kuma 8GB. Tun a 2023 aka fara ganin manyan wasanni suna cika 8GB a 1440 idan an ɗaga ingancin zane. Idan ma'ajiyar kati ta cika, sai ya koma aro daga RAM ɗin kwamfuta ta hanyar da ta fi tasa jinkiri sosai. Abin da mai wasa ke gani shi ne tsayawa na ƙiftawar ido, ko bango da tufafi su dushe kafin su dawo. Matsakaicin adadin hotuna da ake bugawa a talla yakan ɓoye wannan. Shi ya sa masu gwaji na gaskiya ke nuna wani adadi na biyu, na kashi ɗaya cikin ɗari mafi jinkiri na hotunan, domin shi ne hannu da ido ke ji.

Ya ce, "Amma Kawu, ai yana da DLSS 3, yana ninka hotuna."

Gaskiyarsa, kuma ban raina hujjar ba. DLSS, wanda na Nvidia ne, yana zana hoto a ƙaramin girma ya faɗaɗa shi da wayo, kuma a lokacin ya fi takwaransa FSR na kamfanin AMD tsabta a idon yawancin masu gwaji. Ƙirƙirar hotunan tsakani kuma, wadda ta zo da jerin RTX 40, tana sa motsi ya yi santsi. Sai dai hoton da aka ƙirƙira a tsakani bai san ka motsa hannunka ba. Ido zai ga santsi, amma amsawar wasan ga hannu ba ta ƙaru ba, kuma dabarar kanta tana cin wani kaso na 8GB ɗin da dama bai wadata ba. A Counter-Strike 2, inda saurin amsawa shi ne komai, ba ta da wurin zama.

Akwai kuma abin da tallan bai faɗa ba. 13700K ba ta zuwa da na'urar sanyaya a kwalinta, kuma tana iya jan wat 253 idan aiki ya yi tsanani, don haka fankar da za ta riƙe ta ba 'yar ƙarama ba ce. Tana buƙatar sabon madabod mai soket (mazaunin furosesa) LGA1700, wanda ya ƙare a kan ƙarni na 14 na furosesoshin Intel, domin a Oktoban 2024 Intel ta koma LGA1851. Sannan a Yulin wannan shekarar Intel ta amsa cewa wasu furosesoshinta na ƙarni na 13, inda 13700K take, da na 14 suna samun wutar da ta wuce kima har su fara tangal-tangal. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da madabod, a Agusta da Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sabuwar furosesa a kan madabod da aka sabunta ba abin tsoro ba ce, amma wannan tarihi ya wajabta tambaya: wadda ke cikin haɗin sabuwa ce a kwalinta da garantinta, ko an taɓa ɗora ta a wata kwamfuta? Gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace.

Haɗi na uku

Wannan ne ya fi jan hankalina da farko, domin yana da abu ɗaya da sauran ba su da shi: Ryzen 5 5500 tana zama a soket AM4, irin na madabod ɗinsa. Ba sabon madabod, ba sabon RAM. RTX 3080 kuma, ko da yake na Satumban 2020 ne, har yanzu ƙarfinsa a zane na yau da kullum yana kafaɗa da kafaɗa da RX 7800 XT.

Lambar 5500 ce ta sa na dakata. Tana kusa da 5600 har mutum ya ɗauka 'yar tazara ce tsakaninsu, alhali ba ciki ɗaya suka fito ba. 5600 tana da ma'ajiyar kusa ta L3 mai 32MB, 5500 tana da 16MB, rabi ke nan, kuma wannan ma'ajiya ce wasanni irin Counter-Strike 2 suka fi jin daɗinta. Ɗora RTX 3080 a kan 5500 don neman hoto 144 a sakan zai mai da matsalar haɗin farko ta juye: a wurare da dama katin ne zai koma zaman jira.

Irin wannan kusancin suna ya daɗe a kasuwar kayan kwamfuta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. GTX 1060 mai 3GB da mai 6GB suna ɗaya suke amsawa, amma na farkon yana da ƙananan injinan lissafi 1152, na biyun 1280. RTX 3060 mai 12GB yana da hanya mai bit 192, mai 8GB kuma 128. A Oktoban 2022 Nvidia ta janye wani kati da ta sa wa suna RTX 4080 mai 12GB kafin ya shiga kasuwa, bayan an yi ca a kan sunan, ta dawo da shi a Janairun 2023 a matsayin RTX 4070 Ti. Don haka idan tallan haɗi ya ce "i7" ko "Ryzen 5" ko "RTX 3060" ya yi shiru, bai faɗi komai ba tukuna. Cikakkiyar lamba ake nema, da girman ma'ajiya, kuma in kayan na hannu ne, a ga abin da manhajojin bayyana kayan kwamfuta na CPU-Z da GPU-Z suka nuna da ido. Gani ya kori ji.

Shi kansa katin akwai tambaya a kansa. RTX 3080 na cikin katunan da aka fi amfani da su wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum, har zuwa 15 ga Satumban 2022 da aka daina haƙarta da katin hoto, katunan suka kwararo kasuwar kayan hannu. Katin da ya yi haƙa ba lallai ya zama matacce ba, wasu ma an kula da su fiye da na 'yan wasa. Amma ma'ajiyarsa ta GDDR6X mai zafi ce, kuma fankoki da abin da ke ɗauke zafi daga ma'ajiyar suna tsufa. Mai sayarwa bai ba da garanti a kan katin ba, bai kuma yarda a gwada shi na awa ɗaya ana kallon zafinsa ba. Ga kuma wuta: wat 320 yake ci, Nvidia kuma ta ba da shawarar akwatin wuta mai 750. Nasa mai 550 ba zai ɗauka ba. Da muka ƙara kuɗin sabon akwati a kan katin da babu mai tsaya masa, arahar ta ragu ƙwarai. Ɗan ƙanwata da kansa ya ce, "Kuɗin shekara biyu na tara, ba zan yi caca da su ba." Muka ajiye shi.

Haɗi na biyu, da abin da ke bayansa

A kan takarda wannan ne ya dace da monitarsa. AMD ta sa wa Ryzen 5 7600 dala 229 a Janairun 2023, RX 7800 XT kuma dala 499 a Satumban shekarar. Fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin yana kan kati, inda nauyin yake. Katin yana da 16GB da hanya mai bit 256, kuma a 1440 yana gaban RTX 4060 da fiye da rabi a zane na yau da kullum. Furosesar kawunanta shida ne, amma masu sauri, wat 65 aka ƙayyade mata, kuma tana zuwa da fankarta. Soket ɗinta AM5 ne, wanda AMD ta ce a 2024 za ta ci gaba da tallafa wa har 2027 ko bayan haka.

Sai muka zauna lissafin abin da zai sa haɗin ya kunna. AM5 na nufin sabon madabod. AM5 ba ya karɓar DDR4 ko kaɗan, don haka RAM ɗinsa mai lafiya zai koma aljihun tebur, ya sayi DDR5. Katin yana cin wat 263, AMD ta ba da shawarar akwati mai 700, ga shi yana son igiyoyin wuta biyu masu fil takwas-takwas. Abu uku ke nan da ba sa cikin talla. Da aka tara su, jimillar ta haura abin da ke hannunsa.

A nan na fahimci kuskuren da ni ma na fara yi. Ina ta kwatanta haɗi da haɗi, farashin talla da farashin talla, alhali abin da ya kamata a kwatanta shi ne kuɗin kwamfuta mai aiki da kuɗin kwamfuta mai aiki. Rangwamen da ke cikin haɗi gaskiya ne, amma mai sayarwa yana haɗa kaya ne bisa abin da ke kan kantarsa da abin da yake so ya fitar, kuma wannan haƙƙinsa ne. Bai san monitarka ba, bai san madabod ɗinka ba. Sau da yawa ana jingina abin da ya daɗe bai fita ba da abin da ake rububi, sai sunan ɗaya ya ja ɗayan. Hanyar gane darajar rangwamen ita ce a nemi kuɗin kowane ɓangare shi kaɗai a ranar, a tara, a cire na haɗin, sannan a tambayi kai: da ba a haɗa su ba, zan zaɓi wannan ɓangaren da kaina? Idan amsar a'a ce ga ɗaya daga cikinsu, rangwamen ladan ɗaukar abin da ba ka so ne.

Hanya ta huɗu

Madabod ɗin B450 da muke shirin jefarwa shi ya buɗe ƙofa. Yawancin irinsa suna karɓar jerin Ryzen 5000 bayan an sabunta BIOS, kuma da muka duba jerin da kamfanin madabod ɗinsa ya wallafa, Ryzen 7 5700X3D tana ciki. Ta fito a Janairun 2024, kawuna takwas, da ma'ajiyar L3 mai 96MB, irin dabarar da AMD ta fara da 5800X3D a Afrilun 2022 ta ɗora ƙarin ma'ajiya a saman furosesa. A wasanni tana gogayya da 7600, kuma wasannin da ke matsa wa furosesa su suka fi amfana da wannan ma'ajiya. Tana zama a kan DDR4 ɗin da yake da shi.

B450 yana da iyaka guda: PCIe 3.0 yake bai wa kati, wato tsohon salon hanyar da ke haɗa kati da furosesa. Ga RX 7800 XT mai layi 16 da ma'ajiya wadatacciya, asarar kaɗan ce. Da RTX 4060 ne, mai layi takwas kacal da 8GB da ke saurin cika, da an fi jin ta.

Mun yi saɓani a nan, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce AM4 ya kai ƙarshen hanya, duk ranar da 5700X3D ta gaza sai ya sauya madabod da RAM da furosesa a lokaci guda, to me zai hana ya jira wata uku ya cika kuɗin AM5 yanzu? Na ce masa in zai iya haƙurin jiran, haɗi na biyu zaɓi ne da ba zai yi nadamarsa ba, kuma har yau ra'ayina ke nan. Abin da na ƙara shi ne, a 1440 kati ne ke fara tsufa, kuma kafin ranar da yake tsoro ta zo, mai yiwuwa madabod da RAM na wancan lokacin sun sha bamban da na yau. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya kira ni ya ce ba zai jira ba.

Ya sayi 5700X3D da RX 7800 XT daban-daban, babu rangwamen haɗi. Ya ƙara akwatin wuta mai wat 750 da fanka mai tsayi, tunda furosesar ba ta zuwa da tata. Duk da haka jimillar ta tsaya ƙasa da abin da haɗi na biyu zai ci in an cika shi. Kafin ya biya kuɗin katin na sa ya auna tsawon cikin akwatin kwamfutarsa da ma'auni, domin katin da bai shiga ba ba shi da amfani komai ƙarfinsa. Ya sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar tana ciki, wanda shi ne tsarin da ya wajaba, don madabod ba zai tashi da sabuwar ba in bai riga ya san ta ba. Ya goge tsohuwar manhajar katin Nvidia kafin ya sa ta AMD, ya koma BIOS ya kunna XMP don RAM ya yi gudunsa na gaskiya, ya kunna Resizable BAR, wanda ke bai wa furosesa damar kai wa ga dukkan ma'ajiyar kati kai tsaye.

Sai ya maimaita gwajin farko. A Cyberpunk a 1440 katin ya tsaya kusa da cikakken aiki, har a tsakiyar birnin da a da furosesar ke riƙe shi, kuma tsayawar nan ta ƙiftawar ido ta kau. A Counter-Strike 2 hotunan sun haura abin da monitar ke iya nunawa.

Abu ɗaya bai samu ba. Da ya kunna zanen da ke bin diddigin hanyar kowane haske (ray tracing) a Cyberpunk, wanda ya daɗe yana kallo a bidiyon wasu, hotunan suka faɗi ƙasa da abin da zai iya jurewa. A wannan fanni katunan Nvidia na gaba da na AMD na wancan ƙarni, na kuma faɗa masa haka tun kafin ya biya, amma ji daban, gani daban. Ya gwada shi da FSR na kwana biyu, bai gamsu da tsabtar hoton ba, ya kashe shi ya ci gaba da wasansa a 1440.